Tsohon da Ke Yi wa Talabijin Tafinta

Jakunkuna biyu ne jingine a lungun falo, babba da ƙarama, kuma tun da aka ajiye su, Baba Tafinta bai dube su ba. Wato dai bai dube su a gaban mutane ba. In zai wuce ɗaki sai ya kewaye su a hankali, kamar wanda ya tarar da karen maƙwabta yana barci a hanya. Jakunkunan matarsa ne. Autarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta haifi tagwaye, hutun da aka ba ta a wurin aiki ya zo ƙarshe, shi ne ta zo ɗaukar uwarta ta je ta riƙe mata su. Ba zuwan sati ba ne, ba na wata ba. "Har su shiga makaranta," in ji Auta, da irin muryar da ake cewa har ruwan shayi ya tafasa.

An kuwa tambaye shi, kada wani ya ce ba a tambaye shi ba. Watan jiya, da Auta ta fara zuwa da maganar, sai da ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, me ka gani?" Ya gyara zaman tabarau, ya dubi silin, ya ce, "Duk abin da kuka yanke daidai ne." Matar tana tsaye bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ta koma ciki. Miyar ranar ta sha gishiri har ta gode Allah.

Shi ba zai iya bin su ba, don gidan Auta a can ƙololuwar bene yake, gwiwoyinsa kuwa sun daɗe da yin sallama da matakala. An shirya matar maƙwabci za ta riƙa kawo masa abinci, babban ɗansu zai riƙa bugo waya, an jera masa magungunansa a kan tebur, na safe daban na yamma daban. Komai an shirya shi tsaf. Abu ɗaya ne ya rage: mutumin ba ya so matarsa ta tafi, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa buɗe baki ya faɗi abin da shi kansa yake so ba.

Kada a ɗauka miskili ne ko marar magana. Ina! Ai magana ce ta yi masa suna. Sana'arsa ta ranakun aiki gyaran keken ɗinki ce, a wani ɗan shago mai warin mai da ƙarfe, inda teloli ke kawo masa kawunan kekuna rungume a ƙirji kamar yara marasa lafiya. Amma ran Lahadi sai ya kankare baƙin man daga ƙarƙashin farcensa, ya sa kwat da laktaye, ya je ya tsaya gefen mai wa'azi a coci. Turancinsa rabi na makaranta ne, rabi ya tsinto shi cikin 'yan takardun bayani da ke zuwa a kwalin sabon keke. Yana saurayi aka yi wani baƙon mai wa'azi, malamin makarantar da ya saba fassara kuwa mura ta shaƙe masa murya. Dattawa suka waiga suka ga ba kowa sai shi, suka tura shi gaba. Daga ranar sunan da iyayensa suka raɗa masa ya ɓace. Yaran da aka haifa daga baya ma sun ɗauka Tafinta ne sunansa na gaskiya.

Aikin yana da ƙa'idojinsa, shi ya kafa su, shi kuma ya bi su. Tafinta hagun mai wa'azi yake tsayawa, ya ɗan ja baya, don kada kafaɗarsa ta wuce ta bawan Allah. In mai wa'azi ya ɗaga hannu kai ma ka ɗaga, amma naka kada ya kai nasa tsawo. In ya fashe da kuka ka fito da hankici, amma ba sai ka jiƙa shi ba. Sannan babbar ƙa'ida: kowace magana da "Bawan Allah ya ce" take farawa. Kai ba ka ce komai ba. Kai bututu ne kawai, ruwa ya bi ta cikinka ya wuce.

To, amma bututun nan akwai mataci a cikinsa. Mai gyaran keke ba ya jin ƙarfe na kuka ya ƙyale, sai ya ɗiga masa mai. In baƙo ya zo da wa'azi mai rassa barkatai, rana ta take, yara sun fara rigima, sai Tafinta ya riƙa haɗa rassan yana ɗaurewa, jama'a su fita suna cewa baƙon nan ya iya taƙaita magana. Wani kuma ya taɓa zuwa da zafinsa, ya hangi ganga a gefen mawaƙa, ya nuna ta da yatsa ya ce kayan Shaiɗan ce, a fitar da ita daga ɗakin Ubangiji. Tafinta shi ma ya nuna gangar da yatsa, ya ɗaure fuska tamau, ya ce, "Bawan Allah ya ce mai kaɗa gangar nan ta riƙa sassauta hannu lokacin addu'a." Jama'a suka ce amin, baƙo ya ji daɗi an karɓi gargaɗinsa, ganga kuma tana nan har yau.

Mai kaɗa gangar wata budurwa ce mai wushirya da saurin dariya, ita ce kuma yau kayanta ke ɗaure a falo. Bai taɓa ce mata yana sonta ba. Kawunsa ya tura. Bayan aure ta tsare shi ta ce, "Malam, wai kai da kanka kana sona, ko dai turo ka aka yi?" Ya yi gyaran murya ya ce, "Kawu ya ce kin dace da ni." Ta yi dariya har da riƙe ciki, don a lokacin gani take kunya ce, kunya kuwa tana wucewa.

Ba ta wuce ba. Suka haifi yara, suka aurar, furfura ta fito, maganar gidan duk a bakin wasu take. In shayi ya huce, "An ce shayi mai sanyi yana ɓata ciki." In yana so a canja labule, "Mutane suna cewa labulen nan ya ga duniya." Ranar da ta dawo daga asibiti bayan wata doguwar jinya, ya tsaya a ƙofa, ya ce, "Yara sun ce gidan ba daɗi da ba kya nan." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka gaishe min da yaran," ta wuce ciki.

Abin da ya sauke shi daga gefen mimbari ba tsufa ba ne. Wani sabon fasto aka kawo, matashi, mai harshe biyu a baki ɗaya. Zai faɗi magana da Turanci, ya juya ya fassara kansa da kansa, ko numfashi ba ya ja. Dattawan ikilisiya suka yi wa Baba Tafinta doguwar godiya, suka ba shi agogon bango da kujera a layin gaba. Ya ɗan zauna a kujerar nan na 'yan makonni, leɓɓansa na motsi su kaɗai, yana jin yaro na fassara kansa ba mai ba gishiri, abin da ya faɗa shi yake maimaitawa, ko kunya babu. Daga nan gwiwoyinsa suka tsananta. Gaskiya ne suna ciwo, sai dai abin mamaki, ran Lahadi da safe suka fi ciwo. Matar ta ci gaba da zuwa ita kaɗai. In ta dawo ta ce ana gaishe shi, ya ce yana amsawa.

Babban ɗan ne ya aiko da talabijin, mai faɗi, marar kauri kamar faranti. Auta kuma ta kawo wani ɗan akwatin intanet mai fitila tana ƙyaftawa, ta ɗora shi saman kabad. Ta nuna wa uban yadda zai kamo tashoshin wa'azi na ko'ina a duniya, ta sa wa uwar rediyon Kirista na Hausa a waya. Baba ya taɓe baki. "An ce sujada ba ta shiga akwati," in ji shi. Auta dai ta ci gaba da danne-dannenta, har ta faɗo kan wani mai wa'azi cikin kwat mai ƙyalli, yana kai da kawowa a kan dandamali, yana zuba Turanci kamar an ɓalle famfo. Matar ta leƙo daga kicin ta ce, "Shi kuma wannan me aka yi masa yake ta gumi haka?"

Kafin kowa ya ankara, Baba Tafinta na tsaye hagun talabijin, ya ɗan ja baya. Gwiwoyin ma sai daga baya suka sami labari.

"Bawan Allah ya ce..."

Tun daga ranar falon ya zama coci. Kowace Lahadi da yamma, bayan matar ta dawo ta huta, sai ya sa kwat da laktaye, ya goge takalmi, takalmin da daga ɗaki zuwa falo kawai zai taka. Ita kuma ta zauna a doguwar kujera da ɗankwalinta na coci. Ita ce jama'a, ita ce mawaƙa, ita ce dattawa. Wa'azin kai tsaye kawai yake yarda da shi. Wanda aka naɗa aka ajiye, ya ce wannan ɗumame ne, shi ba ya fassara ɗumame. Tashoshin da ke wa'azi da Hausa kuwa, in rimot ya yi kuskuren faɗawa kansu, sai ya wuce da sauri ya ce hotonsu ba ya fita da kyau.

Sai dai mutanen cikin akwatin nan ba su da tarbiyya irin ta masu wa'azin da. Ba su san da zaman tafinta ba, balle su dakata masa. Kafin ya kamo jimla ɗaya sun zubar da uku. Da farko abin ya dame shi, har yakan ɗaga wa allon hannu alamar a bi a hankali. Daga baya ya gano wata ni'ima da bai taɓa samu a coci ba. A nan ba malamin makaranta a layin gaba da zai ɗaga gira, ba baƙon da zai ja shi gefe bayan an tashi ya tambaye shi me ya sa aka yi dariya. Daga shi, sai bawan Allah da ba ya jinsa, sai mace ɗaya da ba ta jin Turanci. Inda jimlolin nan suka zube kuwa, akwai fili.

A hankali ya fara. Wata Lahadi ana wa'azi kan haƙuri, sai ga shi bawan Allah ya ce mace ta gari ba ta barin ƙanwarta ta zo kwana biyu ta share wata guda. Wata Lahadin kuma wani mai wa'azi daga can wata uwa duniya, mutumin da ko a mafarki bai taɓa ganin falon ba, ya yi gargaɗi mai ƙarfi kan masu matsar da kujerar maigida daga gefen taga in suna shara, su kuma ƙi mayar da ita.

Matar ba ta taɓa musu ba. Amin take cewa. Sai dai amin ɗinta iri-iri ne, kuma ya san su kamar yadda ya san ƙarar kekuna. Akwai dogo mai lanƙwasa, wannan an karɓa. Akwai gajere na cikin hanci, ma'ana an ji, ba za a yi ba. Akwai kuma wanda take haɗawa da gyara ɗaurin ɗankwali, wannan ma'anarsa ka jira.

Jiran ba ya daɗewa. Da safe tana kicin, waya jingine jikin gwangwanin madara, rediyonta na yi, sai ta ɗago murya.

"Malam! Ka ji abin da mai wa'azin rediyo ya ce?"

"Me ya ce?"

"Ya ce namijin da ke barin jiƙaƙƙen tawul a kan gado, sai tawul ɗin ya bushe tukuna addu'arsa take hawa sama."

Shi yana falo, yana jin rediyon sarai, waƙa ake yi. Amma me zai ce? In ya tona nata ya tona nasa. Sai ya ce, "Allah ya ba mu ikon gyarawa," ya lallaɓa ya ɗauke tawul. Wani lokaci yakan yi zargin ma tana tsintar Turancin nan fiye da yadda take nunawa, don macen da ta yi shekaru tana sayar da atamfa a kasuwa ba ta rasa kunne. Bai taɓa tambaya ba. Wa zai ce ya ce a tambaya?

Haka suka zauna, kuma in gaskiya za a faɗa, tun da suka yi aure ba su taɓa hira mai yawa irin ta 'yan shekarun nan ba. Masu wa'azin duniya suka shiga tsakaninsu suna gyara musu zama, ba wanda ya san yana yi a cikinsu. Ta bakin wani mai gemu ya gaya mata sabon zanenta ya karɓe ta. Ta bakin rediyo ta gaya masa ya daina ɓoye mata in ƙirjinsa na ciwo.

Saboda haka da maganar tafiya ta taso, sai ya koma wa ma'aikatansa na cikin talabijin. Lahadin farko bawan Allah ya ce hanyoyin zamanin nan ba su da kyau, direbobi kuma gudu suke kamar an biyo su. Amin na cikin hanci. Ta gaba bawan Allah ya ce ya kamata yaran yanzu su koyi renon 'ya'yansu da kansu. Amin na cikin hanci, ta kuma tashi ta shiga ɗaki ta kama ninke kaya. Mai wa'azin rediyon kicin kuwa ya ɗauke wuta gaba ɗaya. Ba tawul, ba komai, sai waƙa. Wannan shirun ya fi komai tayar masa da hankali.

Ga shi yau Lahadin ƙarshe, gobe da safe mota. Ya sa kwat, ya ɗaura laktaye ya kwance ya sake ɗaurawa, don na farko ya karkace. Da ya fito falo sai ya tarar jama'a ta ƙaru. Matar na doguwar kujera da ɗaya daga cikin tagwayen a cinya, Auta na gefe tana jijjiga ɗayan. Ya ja ya tsaya. Auta da Turanci take aiki, da shi take faɗa da likitoci.

"An ce mai shayarwa tana bukatar barcin rana," in ji shi.

"Na ƙoshi da barci, Baba. Yau ni ma sai na sha wa'azi. Mama ta ce duk duniya ba mai fassara irinka."

Ya saci kallon matar. Tana wasa da yatsun jariri, fuskarta ba ta ce komai ba.

Ya kunna, ya laluba tashoshi, ya tsaya kan wani dogon mutum mai sanƙo, fuska a sake, irin wanda kana gani za ka ce kan zaman lafiya zai yi magana. Aka gama waƙa. Mutumin ya kama mimbari da hannu biyu, ya buɗe baki, kuma daga jimlar farko Baba Tafinta ya san ya zaɓo wa kansa. Wa'azin kan tashi ne. In an kira ka, ka tashi ka tafi. Kada ka tsaya waige, kada ka bar tsohon wuri da tsofaffin abubuwa su riƙe maka ƙafa.

Ya dubi rimot. Canja tasha ana tsakiyar wa'azi ba ya cikin tarbiyyarsa.

"Bawan Allah ya ce," ya fara, "kowa ya zauna inda Ubangiji ya ajiye shi."

Auta ta ɗago kai. "Baba, ai cewa ya yi..."

"Ke," in ji uwar, ko dubanta ba ta yi ba, "a cocinku ana wa'azi ana surutu?"

Auta ta rufe baki, ta zuba wa uban ido.

Mai sanƙo ya ɗau zafi. Ya bar mimbari, ya nuna ƙofa, ya kama takawa daga wannan gefe zuwa wancan kamar soja, yana waiwayen jama'a yana yafito su su biyo shi. Wannan ko kurma ya gane. Baba shi ma ya ɗan taka, gajeren taku saboda gwiwa, ya nuna ƙofar falo.

"Ya ce ku dubi irin tafiyar da ba ta da amfani. Ya ce haka mutum zai yi ta zirga-zirga, ya je can ya dawo nan, a ƙarshe ina ya je?"

Mutumin ya tuɓe kwat ɗinsa, ya ɗaga sama, ya yi jifa da shi baya, don jama'a su ga yadda ake rabuwa da abin da ya wuce.

"Ya ce kun ga yadda wasu ke yar da tsohon abu? Ya ce to wannan ba kyau. Yanzu zai koma ya ɗauka."

Wani ma'aikaci ya fito a guje ya tsince kwat ɗin ya yi bayan labule da shi. Auta ta cusa fuska cikin zanen jariri, kafaɗunta na rawa. Matar kuwa ba ta ce amin ba, ko na cikin hanci. Wannan ba ya cikin waɗanda ya sani. Zufa ta karyo masa ta ƙarƙashin laktaye. Ya ga wa'azi na gudu, yamma na gudu, gobe na zuwa. Sai ya rufe ido, yadda yakan yi in magana ta kai inda ake so, ya saki murya ta tafi.

"Bawan Allah ya ce akwai wani tsoho. Ya ce tsohon nan an jera masa magani a tebur, an ce maƙwabta za su kawo abinci, kowa ya ɗauka shi ke nan. Ya ce ba maganar abinci ba ce. Ya ce tsohon ya iya dafa shayi, ya san inda ake ajiye sukari, da gangan yake tambaya kullum. Ya ce in gari ya waye ba a jin motsin kowa a kicin, tsohon bai san me zai tashi ya yi ba. Ya ce mutum ya sa kwat ya tsaya yana yi wa kujera fassara, ai sai a ce ya taɓu. Ya ce jikoki suna da uwa, suna da uba, suna da wata kakar ma. Shi kuwa tsohon nan mutum ɗaya gare shi a duniya, ita ce kuma aka ɗaure wa kaya. Ya ce..."

Sai ya ji falon ya yi wani irin shiru. Ba muryar kowa a bayan tasa. Ya buɗe ido ɗaya.

Netwok ya ɗauke. Mai sanƙo ya daskare a allo, baki buɗe, ƙafa ɗaya a sama, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan tumbinsa. Fitilar akwatin saman kabad ta koma ja. Tun yaushe? Bai sani ba. In dai fuskar Auta za a bi, an daɗe, don dariyar ta tafi, idanunta sun ciko.

Ya tsaya ƙiƙam. Matar ta gyara wa jariri kwanciya a cinyarta. Ba shi ta duba ba, talabijin ta duba, cikin ladabi, yadda ake duban babban baƙo.

"Malam, ka gaya wa bawan Allah na ji, na kuma gode. Ka tambayar min shi, shi wannan tsohon ba shi da baki ne?"

"Ya ce..."

"Bai ce ba. Ga shi nan baki buɗe tun ɗazu, ƙuda ma zai iya shiga. Ni tsohon nake tambaya."

Ya dubi allo, zoben na juyawa. Ya dubi akwatin saman kabad. Bai taɓa roƙon Allah ya dawo da netwok da zuciya ɗaya irin na wannan lokaci ba, amma fitilar nan ja. Ya laluba a ransa wanda zai jingina wa maganar. Kawu ya rasu, yara ba ruwansu, mutane kuma ba su ce komai ba. Gwiwoyinsa suka tuna da kansu, ya dafa kabad. Maganar da ta fito ƙarama ce, ba ta da ado ko kaɗan.

"Maman yara, kada ki tafi. Ba na so."

"Wa ya ce?"

"Ni."

Ta shafa kan jaririn. Sannan ta ce, "To. Ai da ka faɗa tun watan jiya, da ba a sa yarinya ta sha hanya da 'ya'ya biyu ba."

Auta ta share ido da bayan hannu, sai kuma lissafi ya dawo mata. "To ni fa? Mama, jibi zan koma aiki! Ku kun gama soyayyarku a gaban talabijin, ni wa zai riƙe min su?"

"Surukarki tun kina da ciki take roƙo. Ke kika ce ta cika surutu."

"Ta cika surutu mana!"

"Gara mai surutu, 'yar nan. Ki tambaye ni."

Daidai nan fitila ta koma kore. Mai sanƙo ya sauke ƙafarsa, ya daka tsawa da kalma ɗaya, ya sake maimaitawa yana nuna ƙofa, jama'arsa suka miƙe suna ihu. Tagwayen suka firgita suka tsala kuka tare. Auta ta miƙe da nata a kafaɗa, ta je ta tsaya gefen allon, ta kumbura murya irin ta uban.

"Bawan Allah ya ce ki tashi ki tafi, Mama. Allah kuwa, abin da yake faɗa ke nan tun farko. Ki tashi ki tafi, kada ki waiga!"

Uwar ta miƙa hannu ta ɗauki rimot, ta rage wa mai sanƙo murya har ya koma motsa baki kawai.

"A gidan nan tafinta ɗaya muka sani," in ji ta. "Zo ki karɓi ɗanki, ya jiƙa min zane. Kai kuma Malam, zauna kafin ka faɗi."

Ya zauna, ya sassauta laktaye. Ya buɗe baki zai fara da "an ce", ya rufe, ya sake buɗewa, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Ina son shayi."

"Ka san inda sukari yake," in ji ta.